Daga Aji zuwa Akwatin Zaɓe: Alhaji Shehu Shagari da Riƙon Makarantu a Ƙasar Hausa

GABATARWA

Duk wanda ya bi diddigin siyasar Arewacin Nijeriya zai tarar cewa malaman makaranta ne suka share mata fage. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, shi kuwa Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule daga Midil ta Kano ya tafi majalisa. Dalilin haka a fili yake, domin a wancan zamani malamin makaranta shi ne mai karanta jarida, shi ne mai rubuta wa jama'a wasiƙa, kuma shi ne wanda ya san yadda ake magana da Bature.

A cikin wannan maƙala na zaɓi in bi sawun mutum ɗaya daga cikinsu, wato Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, saboda dalilai biyu. Na farko, da wuya a sami wata kujera ta sha'anin ilmi da bai zauna a kanta ba, tun daga malamin aji, zuwa hedimasta, da mai duba makarantu, da ɗan hukumar ba da tallafin karatu, da sakataren asusun gina makarantu, har zuwa kwamishina. Na biyu, ƙuri'un tsohuwar Jihar Kano, waɗanda na mutanen Birnin Kudu da Gwaram ke cikinsu, su ne suka zama abin jayayya a ranar da ya zama shugaban ƙasa. Abin da nake so malamai da dattawa su duba tare da ni shi ne tambaya guda: a hannun wa makarantar gari ta fi samun gata, a hannun na kusa ko a hannun na nesa?

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari da ke kudu da Sakkwato. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari, kuma ya rasu tun Shehu yana ƙaramin yaro. Kamar sauran 'ya'yan Musulmi, da makarantar allo ya fara, sannan aka kai shi elementare ta Yabo a 1931. Daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, a 1941 kuma ya shiga Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1944.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan kwaleji. Ita ce aka kafa a Katsina farkon shekarun 1920 don horar da malamai, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, inda a yau ake kiranta Kwalejin Barewa. Yara ƙalilan ake ɗauka daga kowane lardi, saboda haka duk waɗanda suka riƙe Arewa bayan tafiyar Turawa sun san juna tun suna ɗalibai. Malam Aminu Kano yana gaba da Shehu Shagari a wannan kwaleji, kuma kamar yadda za mu gani, shekara kusan arba'in bayan haka suka haɗu a takarar shugabancin ƙasa.

MALAMI DA MAI DUBA MAKARANTU

Da ya gama karatu sai ya koma Midil ta Sakkwato yana koyar da kimiyya. A wannan lokaci ne, a 1948, ya tsara Waƙar Nijeriya, wadda ya yi domin yara su haddace labarin ƙasa da tarihin ƙasarsu cikin harshen da suke ji. Wannan dabara ce ta malamin da ya tashi a makarantar allo, wanda ya san cewa abin da aka rera ya fi zama a ƙwaƙwalwar yaro fiye da abin da aka rubuta masa a allon bango. Daga baya aka tura shi Argungu ya zama hedimasta, daga 1953 kuma ya zama malami mai duba makarantu a Lardin Sakkwato.

Aikin mai duba makarantu ba na zaman ofis ba ne. Shi ne mai bin ƙauyuka ya duba rajista ya ƙirga yara, ya zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya duba littafin tsara darasi na malami, ya leƙa rufi ko yana yoyo, sannan ya sauka wajen hakimi ko dagaci ya yi masa bayanin abin da ya gani. Wanda ya yi wannan aiki na 'yan shekaru zai san kowane gari da masu faɗa a ji a cikinsa, su ma za su san shi. A ganina wannan shi ne jarin farko na siyasar Shagari, kuma shi ne jarin malamai da yawa da suka tsaya zaɓe a zamaninsa.

WA KE RIƘE DA MAKARANTA A ZAMANIN EN'E

Kafin mu shiga maganar zaɓe, ya dace mu tuna yadda riƙon makaranta yake a lokacin. Makarantun elementare na En'e ne, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta. Daga baitulmalin En'e ake gina aji, ake sayen alli da littattafai, ake biyan malami. Birnin Kudu da Gwaram a lokacin gundumomin hakimai ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, saboda haka duk abin da ya shafi makarantunsu a Kano ake yanke shi. Idan lokacin ɗaukar yara ya yi, hakimi ke umartar dagatai, dagatai su umarci masu unguwanni su kawo adadin da aka yanka musu. Dattawanmu ba su manta da yadda iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su rugga ba, har ya zamana sau da yawa ɗan marar gata ake kamawa, ba a san gata ake yi masa ba.

Wannan tsari yana da amfaninsa, domin kuɗin harajin mutanen ƙasa ne ke gina makaranta, kuma hakimi yana jin kunyar a ce makarantar garinsa ta mutu. Amma yana da illa babba: talaka ba shi da bakin magana, malami kuwa ma'aikacin En'e ne, idan ya nuna ra'ayin da ya saɓa wa na fada sai a jefa shi can ƙarshen ƙasa ko a sallame shi. Wannan na daga cikin abin da ya sa Malam Aminu Kano ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya kuma ajiye aikin koyarwa a 1950 ya rungumi NEPU. Shagari ya bi ɗaya hanyar. Yana cikin samarin da suka kafa ƙungiyar tattaunawa a Sakkwato, wadda ta shiga Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a 1951 ya zama sakataren reshen NPC na Sakkwato. A 1962 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar ilmi, bisa rahoton wani Bature mai suna Oldman, wadda ta kawo tsarin hukumomin ilmi na yankuna. Daga nan asalin ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi da muka sani yau ya faro.

ZAƁUƁƁUKAN JAMHURIYA TA FARKO

A 1954 Shagari ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya daga mazaɓar Sakkwato ta Yamma. Zaɓen farkon shekarun 1950 a Arewa hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai ga ɗan majalisa. Irin wannan tsani ya fi yi wa wanda ke da goyon bayan fada daɗi, shi ya sa NEPU kan ci a matakin farko a birnin Kano amma ta faɗi a na ƙarshe. A wannan shekara ta 1954 ce Maitama Sule ya kayar da Malam Aminu a Kano, malami ya kayar da malami.

Daga 1954 zuwa 1958 Shagari yana cikin hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya, a 1958 kuma Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ya ɗauke shi sakatarensa na majalisa. Zaɓen 1959 shi ne na farko da kowane baligi namiji a Arewa ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye, mata kuwa ba a ba su dama ba. Tunda yawancin masu zaɓe ba su iya karatun boko ba, da alama ake gane jam'iyya: fartanya ta NPC masu kirarin Salama, tauraro na NEPU masu kirarin Sawaba. Malaman makaranta su ne akasarin masu rajista da masu kula da rumfuna, domin babu wasu masu ilmin da za su yi. Shagari ya koma majalisa a 1959 da 1964, ya riƙe ma'aikatu da dama, ciki har da ta raya tattalin arziki, da ta harkokin cikin gida daga 1962, da ta ayyuka daga 1965. A 1962 ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

DAGA MINISTA ZUWA SAKATAREN ASUSU

Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kifar da gwamnati, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Shagari ya tattara ya koma gida ya kama noma, daga baya ya shiga majalisar En'e ta Sakkwato. A 1967 aka ba shi sakataren Asusun Raya Ilmi na Lardin Sakkwato. A wannan gaɓa nake so mu ɗan dakata, domin ita ce zuciyar wannan maƙala.

Halin da ake ciki a lokacin ya tilasta wa kowane lardi ya dubi kansa. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da yawa 'yan Kudu sun bar Arewa, ofisoshi da asibitoci da tashoshin jirgin ƙasa suka rasa masu aiki. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, tsohuwar Jihar Arewa ta zama shida, kowace jiha kuma tana bukatar nata akawuna da malamai da ma'aikatan jinya. Ga yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli, kuɗin gwamnati ya karkata can. Lardin Sakkwato, duk da yawan jama'arsa da daɗewarsa a ilmin addini, yana baya ƙwarai a karatun boko. Sai manyan lardin suka ga cewa idan suka zauna jiran gwamnati, to, za su daɗe ba su ga Annabi ba.

Asusun ya dogara ne da gudummawar mutanen lardin, kuma cikin ɗan lokaci ya gina makarantun firamare masu yawa da wasu na sakandare. Mutumin da jiya yake minista a Ikko, da mota da 'yan rakiya, yau shi ne mai bin hakimai da attajirai da manoma yana neman taimako, yana lissafin bulo da kwano, yana rarrashin iyaye su saki 'ya'yansu. Abubuwa uku na gani suka sa aikin ya yi albarka. Na farko, masu ba da kuɗin suna ganin ginin da idonsu. Na biyu, mai riƙe da kuɗin ɗan gida ne wanda idan ya ci amana ba shi da wurin ɓuya. Na uku, ya san aikin, domin ya taɓa tsayawa gaban aji, ba za a yi masa rufa-rufa a kan abin da makaranta ke bukata ba. Irin wannan yunƙuri na taimakon kai da kai ya faru a Kano ma a shekarun nan, inda jama'a suka haɗa kuɗi suka kafa kwalejin kasuwanci ta al'umma wadda daga baya aka sa mata sunan Malam Aminu Kano.

Daga wannan aiki ne Gwamnan Jihar Arewa maso Yamma, Usman Faruk, ya ɗauke shi kwamishina a 1968, ya riƙe sashen ma'aikata, daga baya na ilmi. A 1970 Gowon ya kira shi Ikko ya ba shi aikin farfaɗo da ƙasa bayan yaƙi, daga 1971 zuwa 1975 kuma ya riƙe ma'aikatar kuɗi, bayan Cif Obafemi Awolowo ya sauka. Yana kan wannan kujera ne Gowon ya yi shelar shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a Sakkwato a 1974. Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Satumbar 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Makarantu da yawa a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram a wannan guguwa aka buɗe su, wasu a ƙarƙashin inuwar bishiya, da malaman da aka yi wa horon gaggawa. A shekarar ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau, riƙon firamare ya bar hannun fada.

ZAƁEN 1979

Shagari yana cikin majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa kujerar Majalisar Dattawa yake nema. Amma a babban taron NPN da aka yi a Ikko a Disambar 1978, shi aka tsayar takarar shugaban ƙasa. Cikin waɗanda suka kara da shi akwai Maitama Sule da Joseph Tarka, dukansu tsofaffin malamai, da Farfesa Iya Abubakar malamin lissafi a jami'a, sai Malam Adamu Ciroma da Dokta Olusola Saraki. Ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme mataimaki.

Ilmi na daga cikin manyan abubuwan da aka yi yaƙin neman zaɓe a kansu. Awolowo, wanda ya fara ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, ya yi alkawarin ilmi kyauta a kowane mataki a ƙarƙashin UPN. NPN, mai alamar gida da masara da kirarin Aminci, ta ce ita ilmi mai inganci za ta bayar, ta fi mayar da hankali ga abinci da muhalli. PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi da kirarin Nasara, ta tsaya a kan soke haraji da jangali da wayar da kan talaka, maza da mata. Wannan ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa.

A Jihar Kano PRP ta yi rinjaye. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, Alhaji Sule Lamido na Bamaina ya tafi Majalisar Wakilai daga Birnin Kudu. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga Agusta, Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857 a ƙasa baki ɗaya, Awolowo ya sami 4,916,651, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zo na uku, Malam Aminu na huɗu, Alhaji Waziri Ibrahim na biyar. A Jihar Kano kuwa Malam Aminu ya kwashe fiye da kashi 76 cikin ɗari, Shagari ya tashi da kashi 19.94.

Nan fa aka shiga lissafin da kowane malamin firamare zai so ya ba 'yan aji shida. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne, kashi biyu cikin ukunsu kuwa 12 ne da sulusi biyu. Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12, ta goma sha ukun ita ce Kano. Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, saboda haka 13 ake bukata, sai a je zagaye na biyu. Lauyan NPN Cif Richard Akinjide ya ce a'a, a ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Kano a fitar da rubu'insu, wanda ya kama kashi ɗaya cikin shida, wato ƙasa da kashi 17 cikin ɗari, Shagari kuwa ya haura haka. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan lissafi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran alƙalai. Aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979. Ashe 'yan ƙuri'un da NPN ta tsinta a garuruwa irin su Gwaram da Sara da Dingaya da Birnin Kudu, inda ake ganin ba ta da kasuwa, suna cikin waɗanda suka cika mudun.

MULKINSA DA HALIN MAKARANTU

Tarihi ba yabo ba ne kaɗai, dole a faɗi zaƙi a faɗi ɗaci. A ɓangaren ilmi mai zurfi gwamnatin Shagari ta kafa jami'o'in fasaha na tarayya a Bauchi, Makurɗi, Owerri, Akure, Yola, Abeokuta da Minna. A 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, a 1983 kuma aka yi dokar jami'ar karatu daga gida, wadda sojoji suka dakatar a shekarar da ta biyo baya.

Amma firamare, inda shi kansa ya yi suna, ita ce ta sha wuya. Tsarin mulkin 1979 ya ɗora nauyinta a kan jihohi da ƙananan hukumomi, gwamnatin tarayya ta janye tallafin kai tsaye da take bayarwa tun farkon UPE, ƙananan hukumomi kuwa kashi 10 cikin ɗari aka yanka musu daga asusun tarayya, shi ma ta hannun jiha yake bi. Daga 1981 farashin man fetur ya faɗi, a Afrilun 1982 aka yi dokar tsuke bakin aljihu. A jihohi da yawa malamai suka yi watanni babu albashi, aka yi ta yajin aiki, azuzuwan da aka gina cikin gaggawa suka fara zubewa, iyayen da aka sha wahala kafin su yarda suka janye 'ya'yansu. Ba daidai ba ne a ɗora wannan a kan mutum ɗaya, domin gwamnonin jam'iyyu biyar ne ke riƙe da jihohi. Sai dai abin lura shi ne, mutumin da ya iya gina makarantu da kuɗin taro-da-sisi yana sakataren lardi, bai iya tabbatar da albashin malamansu ba yana shugaban ƙasa mai arzikin fetur. Halinsa bai sauya ba, nisa ne ya shiga tsakani: mai ba da kuɗin ba ya ganin aji, mai ganin aji ba shi da iko da kuɗin.

A nan Jihar Kano ta lokacin, gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali, ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, wadda ta kai azuzuwan manya har ƙauyuka, ta sami lambar yabo ta UNESCO.

ZAƁEN 1983 DA BAYANSA

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe, bayan jam'iyyarsa ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Rimi ya koma NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci gwamnan Kano. Shagari ya sake cin zaɓe a watan Agusta da ƙuri'a kimanin miliyan 12, amma zargin maguɗi ya yi yawa, har aka yi tarzoma mai muni a Jihar Ondo. Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka karɓe mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba. An tsare Shagari har 1986, kwamitin bincike bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba, aka mayar da shi garinsu. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93, aka yi masa sutura a Shagari. Allah ya jiƙansa da rahama, shi da sauran magabatanmu.

Ita kuwa firamare ta ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta ta miƙa wa ƙananan hukumomi, albashi ya sake tsayawa, a 1993 aka dawo da ita. A tsakanin haka aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ɗan Birnin Kudu Barista Ali Sa'ad ya zama gwamnanta farar hula na farko a 1992. Ranar 30 ga Satumba, 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, a Sakkwato kuma, dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Daga nan aka sami hukumar ilmin bai ɗaya a kowace jiha, sannan a tsakiyar shekarun 2000 aka amince da kafa kwamitin kula da makaranta a kowane gari, wanda ya ƙunshi hedimasta da mai gari da iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai.

KAMMALAWA

Idan muka haɗa wannan tarihi wuri guda za mu ga makarantar gari ta zauna a hannun fada, ta zauna a hannun tarayya, ta zauna a hannun jiha da ƙaramar hukuma, kuma kowane hannu ya yi nasa ƙoƙari ya bar nasa giɓi. Lokacin da ta fi samun gata shi ne lokacin da mutanen gari suka ɗauke ta tasu, suka damƙa amanarta ga wanda suka sani, wanda kuma ya san aikin. Kwamitin kula da makaranta da muke da shi yau a Dingaya da Basirka da Fagam da Kila da sauran garuruwanmu jikan wancan asusu ne na 1967, ko da yake ba shi da kuɗinsa. Ƙarfinsa ido ne da baki: ya san ranar da malami bai zo ba, ya san ɗan kwangilar da ya rage siminti, ya san gidan da aka cire yarinya daga aji biyar.

Saboda haka ina kira ga dattawa da kada su raina kujerar wannan kwamiti, kada kuma su bari a mayar da ita, ko ta sakataren ilmi, ladan wanda ya yi wa jam'iyya wahala. Ga 'yan'uwana malamai kuwa, shiga siyasa ba laifi ba ne, magabatanmu sun shiga. Amma duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, malami ne ko waninsa, kafin mu saurari abin da zai yi wa ƙasa, mu tambaye shi abin da ya taɓa yi wa makarantar garinsu lokacin da ba shi da muƙami. Allah ya sa mu dace, amin.